Kusurwoyi Takwarori: Tambayoyin Ɗalibai, Iyaye da Masu Sana'a a Bauchi

Waɗannan tambayoyi ne da suke yawan fitowa daga bakin ɗaliban ƙaramar sakandare, da masu shirin WAEC da NECO, da iyayen da ke zama da yara kan aikin gida bayan isha'i, har da wasu masu aikin hannu a cikin garin Bauchi. Kafin ka ci gaba, nemo takarda da fensir da rula, da ma'aunin kusurwa, wato rabin da'irar nan ta roba da ke cikin maset. Wannan darasi da hannu ake gane shi, karatu kaɗai ba ya isa.

Malam, mene ne kusurwoyi takwarori?

Ja layi biyu a kwance, ɗaya a sama, ɗaya a ƙasa. Sai ka ja na uku a karkace, ya ratsa su duka biyun. Wannan na ukun shi za mu riƙa kira mai ratsawa. Yanzu kana da mahaɗa biyu, kuma a kowace mahaɗa akwai kusurwa huɗu: sama ta dama, sama ta hagu, ƙasa ta dama, ƙasa ta hagu. Jimla takwas ke nan.

Kusurwar da ke sama ta dama a mahaɗar farko, takwararta ita ce wadda ke sama ta dama a mahaɗa ta biyu. Haka ta ƙasa ta hagu da ta ƙasa ta hagu. Mazauni ɗaya, mahaɗa daban. Kamar a ce kana tafe a kan titi, ka tsallake mararraba ka ga mai shayi a kwanar hannun dama, ka ci gaba ka tsallake wata mararrabar, nan ma ka ga wani mai shayin a kwanar hannun dama. Kowannensu yana zaune a gurbin da ɗan'uwansa yake, a tasa mararrabar.

Tunda kusurwa takwas ne, takwarorin za su tashi biyu-biyu har kashi huɗu.

Ko da yaushe girmansu ɗaya ne?

A'a. Idan ba za ka riƙe komai daga wannan shafi ba, to ka riƙe wannan amsar.

Takwarori suna zama daidai ne kawai idan layukan nan biyu layukan jere ne. Layukan jere su ne miƙaƙƙun layuka biyu a kan shimfiɗa ɗaya waɗanda ba za su taɓa haɗuwa ba komai nisan da aka ja su, tazarar da ke tsakaninsu ba ta ƙaruwa, ba ta raguwa. Dubi layin dogo da ya taso daga Fatakwal ya bi ta Bauchi da Gombe ya nufi Maiduguri. A duk inda hanyar ta miƙe, ƙarafan nan biyu suna tafe da tazarar milimita 1,067 a tsakaninsu. Idan titin mota ya tsallaka su a karkace, kusurwar da gefen titin ya yi da ƙarfen farko ita ce wadda zai yi da na biyu.

In kuwa layukan ba na jere ba ne, har yanzu sunan kusurwoyin takwarori, domin sunan daga mazauni ya fito, amma girmansu zai bambanta. Ɗalibai da yawa sun haddace "takwarori daidai suke" suka bar sharaɗin a baya, kuma wannan rabin jimlar da suka yar shi ne yake cinye musu maki.

Me ya sa suke daidai idan layukan na jere ne? Ko dai haddacewa kawai za mu yi?

Kada ka haddace abin da za ka iya gani da idonka. Samo farar leda ko takarda mai shara-shara, ka ɗora a kan mahaɗar sama, ka kwafe layin kwance da mai ratsawa. Sai ka zame ledar a hankali tana bin mai ratsawa zuwa ƙasa, ba tare da ka juya ta ba ko kaɗan. Da ta iso mahaɗar ƙasa za ka ga kwafin ya hau kan layi na biyu cif, kusurwoyi huɗun duk sun zauna a kan takwarorinsu.

Dalilin shi ne, kusurwa awon bambancin fuska ne tsakanin layi biyu. Layukan jere fuska ɗaya suka nufa. Mai ratsawa kuwa miƙaƙƙe ne, bai canza tasa fuskar ba tsakanin mahaɗar farko da ta biyu. To in wannan bai juya ba, wancan ma bai juya ba, daga ina bambanci zai fito?

Wannan gwaji na leda nuni ne, yana gamsar da ido da hankali. Hujja irin ta masana kuwa tana da nata labarin, za mu zo kansa a ƙasa.

An ce mu nemi harafin F. Ya isa?

Yana taimakawa, amma shi kaɗai bai isa ba. Hannayen F guda biyu su ne layukan jere, ƙafarsa ita ce mai ratsawa, kusurwoyin da ke ƙarƙashin hannayen su ne takwarori. Matsalar ita ce masu shirya jarrabawa ba sa tsayar maka da F ɗin a miƙe. Za su kifar da shi, ko su juya shi baya, ko su kwantar da shi, ko su cusa shi cikin zanen da ke da layi biyar. Yaron da F kawai ya sani sai ya tsaya yana kallon takarda.

Abin da nake koya wa ɗalibaina shi ne tambaya biyu. Shin kusurwoyin suna gefe ɗaya na mai ratsawa? Shin kowacce tana ɓangare ɗaya na nata layin, wato duka a sama ko duka a ƙasa? In amsa ta zama e a duka biyun, takwarori ne, ko F ya fito ko bai fito ba. In zanen ya rikice maka, juya takardar har layukan jere su kwanta a gabanka, sannan ka bi kan mai ratsawa da fensir ka ƙara masa kauri. Babu dokar jarrabawar da ta hana juya takarda.

Mene ne bambancinsu da na Z da na C?

Na Z su ne 'yan saɓani: duka biyun suna tsakanin layukan jere, amma ɗaya tana dama da mai ratsawa, ɗaya tana hagu. Su ma daidai suke. Na C suna tsakanin layukan kuma a gefe ɗaya. Waɗannan ba daidai suke ba, haɗa su ake yi su ba da digiri 180.

Ba dokoki uku ne masu zaman kansu ba. Idan ka san takwarori, ka kuma san cewa kusurwoyin da ke kan miƙaƙƙen layi suna haɗuwa su ba da 180, kuma masu fuskantar juna a mahaɗa ɗaya daidai suke, to sauran biyun za ka iya fitar da su da kanka. Ɗauki kowace 'yar saɓani, ka nemi wadda ke fuskantarta a mahaɗarta, za ka tarar wannan ita ce takwarar ɗayar.

Idan aka ba ni kusurwa ɗaya tak, zan iya gano sauran bakwai?

Ƙwarai kuwa, muddin layukan na jere ne. A ce sama ta dama a mahaɗar farko digiri 58 ce. Maƙwabciyarta ta hagu 180 ban da 58, wato 122. Mai fuskantar 58 ita ma 58, mai fuskantar 122 ita ma 122. Sai ka kwashe waɗannan huɗun yadda suke ka kai mahaɗa ta biyu. Lamba biyu ce kawai a duk zanen, ƙanana huɗu, manya huɗu. In mai ratsawa ya sauka a tsaye sak, duka takwas ɗin 90 ne.

Yaya ake yin waɗanda aka sa x a ciki?

Fara da sanin dangantakar kusurwoyin kafin ka taɓa x. Misali, an nuna takwarori biyu a kan layukan jere, ɗaya 3x + 10, ɗaya 5x − 30. Tunda daidai suke, sai ka rubuta 3x + 10 = 5x − 30. Ka tattara masu x a gefe guda, lambobi a ɗaya gefen, ka sami 2x = 40, wato x = 20. Mayar da 20 cikin kowacce: 3 sau 20 a ƙara 10 ya ba da 70, 5 sau 20 a cire 30 shi ma 70. Sun yi daidai, aiki ya yi kyau.

Ga inda ake faɗawa rami. An ba ka 2x + 30 da 3x + 20, amma a wannan karon duka suna ciki kuma a gefe ɗaya. Mai gaggawa zai daidaita su ya sami x = 10, kowace kusurwa 50. Lissafinsa bai yi kuskure ba, tushen ne ya karkace. Daidai shi ne a haɗa su: 5x + 50 = 180, x = 26, kusurwoyin su zama 82 da 98. Da ya ɗaga ido ya dubi zanen, da ya ga ɗaya ta fi ɗaya buɗewa.

Abu biyu kuma. Karanta tambayar da kyau, domin wani lokaci x ake nema, wani lokaci girman kusurwar. Sannan a ɓangaren da ake rubuta aiki dalla-dalla, ka rubuta dalilinka a gefen kowane mataki, cewa takwarori ne kuma layi kaza yana jere da layi kaza. Amsa tsirara ba ta nuna wa mai maki cewa ka san abin da kake yi.

A zanen layukan sun yi kama da na jere, amma ba a faɗa ba. In ɗauka haka ne?

Kada ka ɗauka. Ana nuna layukan jere da 'yan kibiyoyi a jikinsu, kibiya ɗaya-ɗaya ga rukunin farko, biyu-biyu ga wani rukunin, ko kuma a rubuta a cikin tambayar, kamar AB ∥ CD, wato layin AB yana jere da layin CD. Wani lokaci siffar ce take gaya maka, kamar murabba'i, wanda gefunansa masu kallon juna dole na jere ne. In babu ko ɗaya cikin waɗannan, ido ba hujja ba ne. Haka kuma kada ka ɗora ma'auni a kan zanen jarrabawa ka kwashi amsa, domin galibi ba a zana shi bisa ainihin awo ba.

To idan na auna takwarori na ga daidai suke, hakan ya tabbatar layukan na jere ne?

E, dokar tana tafiya gaba da baya. Kuma wannan ɓangaren na dawowa shi ne wanda ya fi amfani a wajen aji, domin da shi ake ƙirƙirar layukan jere.

Ɗauko alwatikar roba da ke cikin maset. Kwantar da rula a kan takarda ka danne ta da hannun hagu sosai. Jingina gefe ɗaya na alwatikar a jikin rula, ka ja layi a ɗaya gefen. Zame alwatikar tana gogar rula zuwa ƙasa, ka sake ja. Layukan nan biyu na jere ne, saboda rula ce mai ratsawa, kuma kusurwar robar ba ta canza ba tsakanin ja na farko da na biyu. Abin da kafinta yake yi ke nan idan ya jingina sukwaya a gefen katako yana ja da fensirin da ya zaro daga bayan kunne. Mai walda da ke jera ƙarafan ƙofa a karkace don ado shi ma haka: yakan yanki ɗan guntun ƙarfe ko kwali mai kusurwar da yake so, ya riƙa gwada kowane ƙarfe da shi kafin ya ɗiga wuta.

Akwai wani wurin da na fi son a lura da shi. Alƙibla daga Bauchi tana wajen digiri 65 ne idan ka auna daga arewa kana juyawa gabas. Ba kowane fili ne aka yanka yana kallon can ba, shi ya sa za ka shiga wani masallacin unguwa ka tarar sahu ya karkace bai bi bango ba. Mai jan layukan sahu a irin wannan masallaci ba ya bukatar neman alƙibla sau goma. Ya daidaita sahun farko da kyau, ya kwafi kusurwar da ya yi da bangon gefe a jikin katako biyu da aka haɗa da ƙusa, sannan ya bi bangon yana maimaita ta a kowace tazara. In bangon miƙaƙƙe ne, duk sahun za su fito a jere.

Idan bambancin digiri ɗaya ne ko biyu, ai ba wani abu ba ne ko?

A takarda ba a gani. A gini ana gani, kuma ana biya da kuɗi. Kuskuren digiri 1 yana karkatar da layi da kusan santimita 7 a tsawon mita 4, wato faɗin ɗaki madaidaici. A mita 10 ya haura santimita 17. Mai sa tayil da ya fara layin farko da wannan ɗan kuskure, kafin ya kai bangon can zai tarar yana yanka tayil siriri a wannan kwana, mai faɗi a waccan, kuma duk wanda ya shigo ɗakin sai idonsa ya kai wurin. Tun ran gini tun ran zane.

Lissafin ma yana gaya maka inda layukan za su haɗu. In tazararsu mita 1 ce kuma takwarorin sun saɓa da digiri 1, za su gamu bayan kimanin mita 57. In da digiri 2 ne, kafin mita 29 sun haɗu. Bambancin da ke tsakanin takwarorin nan shi ne ainihin kusurwar da layukan za su yi a wurin gamuwarsu.

Ni kafinta ne a wajen kasuwar Muda Lawal. Ban da sukwaya, akwai abin da wannan zai ƙare ni da shi?

Akwai, maigida. A ce kana da katako mai faɗin santimita 17, kana son ka tsaga shi gida biyar daidai. Raba 17 da 5 zai ba ka 3.4, kuma bin wannan da tef sau huɗu yana tara kuskure. Maimakon haka, kwantar da rula a karkace a kan katakon, sifili ya taɓa gefe ɗaya, 20 ta taɓa ɗaya gefen. Ɗiga alama a 4 da 8 da 12 da 16. Matsa gaba ka maimaita, sannan ka haɗa alamomin. Layukan da suka fito na jere ne da gefen katakon, kuma sun raba faɗin gida biyar cif. Rular ita ce mai ratsawa, tana yin kusurwa iri ɗaya da kowane layi, don haka taku daidai a jikinta yana ba da taku daidai a faɗin katakon. Sai dai ka tuna da abin da bakin zarto zai ci.

Ɗalibai su lura, wannan dabarar ce ake tambayarsu a jarrabawa idan aka ce su raba layi kashi-kashi ba tare da awo ba.

Wai da gaske ana iya auna tsayin hasumiya ko bishiya da inuwa?

Da gaske ne. Rana tana da nisan kusan kilomita miliyan 150 daga gare mu, saboda haka haskenta da ke sauka a kan sandar da ka kafa da wanda ke sauka a kan hasumiyar da ke kusa, layukan jere ne gwargwadon duk abin da ma'auninmu zai iya ganewa. Ƙasa ita ce mai ratsawa. Kusurwar da hasken ya yi da ƙasa a bakin inuwar sanda, takwara ce ga wadda ya yi a bakin inuwar hasumiya. Sanda da hasumiya kuma duk a tsaye suke. Ke nan alwatika biyun siffarsu ɗaya, girma ne kawai ya bambanta.

In sanda mai tsayin mita 1.5 ta yi inuwar mita 1.2, a daidai lokacin kuma inuwar turken lantarki ta kai mita 7.2, to inuwar turken ta ninka ta sandar sau 6, tsayinsa ma ya ninka nata sau 6, wato mita 9. Sharaɗi shi ne filin ya zama shimfiɗaɗɗe, kuma a auna inuwar biyu a lokaci ɗaya.

Kakanninmu sun yi aiki da wannan tun kafin agogo ya zo hannun kowa. A fiƙihun Malikiyya, lokacin la'asar yana shiga idan inuwar abu ta kai tsayinsa, bayan an ware inuwar da ta rage a lokacin zawali. Ka taɓa tambayar kanka me ya sa wannan awo bai bambanta tsakanin dogo da gajere ba? Dattijo mai tsayi da almajiri ƙarami za su tsaya a fili ɗaya, kowa ya auna tasa inuwar, su sami lokaci ɗaya, saboda kusurwar hasken a bakin inuwar wannan takwara ce ga ta wancan. A nan Bauchi rana tana bi ta tsakar ka sau biyu a shekara, wajen tsakiyar Afrilu da ƙarshen Agusta. A waɗannan kwanaki inuwar zawali kusan babu ita, kuma la'asar tana shiga ne daidai lokacin da hasken ya yi digiri 45 da ƙasa.

Wa ya fara gano wannan doka?

Magina sun yi aiki da ita tun kafin a rubuta ta. Wanda ya tsara ta da hujja a rubuce, kuma rubutun ya iso gare mu, shi ne Yuklid, wanda Larabawa ke kira Iƙlidis. Ya rayu a Iskandariyya ta ƙasar Masar wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya bar littafin tushen ilimin siffofi mai juzu'i 13. A juzu'in farko, mas'ala ta 28 ta nuna cewa in takwarori sun yi daidai to layukan na jere ne. Mas'ala ta 29 ta nuna akasin haka, cewa in layukan na jere ne to takwarori daidai suke.

Abin sha'awa yana cikin ta 29 ɗin. Ta 28 ya kafa mata hujja ba tare da wata matsala ba. Amma ta 29 ba ta tsayu ba sai da ya jingina da wata ƙa'ida da ya nemi a karɓa ba tare da hujja ba, ita ce ta biyar cikin ƙa'idojinsa. Abin da take cewa shi ne, in layi ya ratsa layuka biyu, kusurwoyin ciki na gefe ɗaya suka gaza digiri 180, to layukan nan za su haɗu ta wannan gefen. Masana sun ga kamar wannan magana ta yi nauyin da bai kamata a karɓe ta haka kawai ba, suka shafe kusan shekara dubu biyu suna neman hujjarta.

Malaman Musulunci suna cikin waɗanda suka fi daɗewa a kanta. An fassara littafin zuwa Larabci a Bagadaza tun zamanin Halifa Haruna Rashid, ta hannun Hajjaju bin Yusuf bin Maɗar. Ibnul Haisam ya yi rubutu a kan ƙa'idar, Umar Khayyam ya kammala tasa risalar a 1077, Nasiruddin Ɗusi wanda ya rasu a 1274 shi ma ya gwada. Babu wanda ya kai ga hujjar, amma hanyoyin da suka buɗe su ne na baya suka bi. A ƙarshe Lobacebski na Rasha a 1829 da Boyai na Hangari a 1832 suka fito da wani ilimin siffofi da aka gina ba tare da ƙa'ida ta biyar ba, daga baya kuma aka tabbatar cewa ba za a iya fitar da ita daga sauran huɗun ba. Shi ya sa littattafan makaranta da yawa suke karɓar dokar takwarori a matsayin tushe, su gina sauran a kanta. Ina ganin ya kamata yaranmu su san cewa ɗan layin nan da suke kwafa daga allo ya ci wa manyan malamai shekaru.

Akwai inda dokar ba ta aiki?

Akwai, a kan abin da ba shimfiɗaɗɗe ba. Dubi taswirar duniya mai siffar ƙwallo. Layin da ya taso daga kudu zuwa arewa ya bi ta Bauchi, da wanda ya bi ta Gombe, kowannensu ya ratsa layin tsakiyar duniya a digiri 90. Takwarori sun yi daidai ke nan. A takarda da mun ce ba za su taɓa haɗuwa ba, amma ga su sun haɗu a ƙuryar arewa, sun kuma haɗu a ƙuryar kudu. Wannan ya shafi matuƙan jirgin sama da na ruwa da masu zana taswirar ƙasashe. Fuloti ko gona ko ɗaki kuwa, lanƙwasar duniya a kansu ba ta kai a kula da ita ba.

An ce wani ya auna girman duniya da kusurwoyin nan. Za mu iya gwadawa a Bauchi?

Eratostenis ne, shi ma a Iskandariyya, a ƙarni na uku kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Ya sami labarin cewa a garin da ake kira Aswan yanzu, akwai ranar da rana ke tsayawa a tsakar ka da tsakar rana. A wannan ranar a Iskandariyya kuwa hasken ya kauce daga tsaye da kashi ɗaya cikin 50 na da'ira, wato digiri 7.2. Ya gane cewa wannan kusurwa daidai take da wadda garuruwan biyu suka yi a can cibiyar duniya. Sai ya ninka nisan da ke tsakaninsu, sitadiya 5,000 a ma'aunin zamaninsa, sau 50, ya sami 250,000. Yau mun san kewayen duniya kimanin kilomita 40,000 ne.

Ga yadda za ku yi naku. Wajen 21 ga Maris ko 23 ga Satumba rana tana tsaye a kan layin tsakiyar duniya. Ku kafa sanda a fili shimfiɗaɗɗe, mita 1 daga ƙasa zuwa kanta, ku tabbatar ta miƙe ta hanyar rataya dutse a zare a gefenta. Daga ƙarfe 12 zuwa 12 da rabi da 'yan mintoci ku riƙa sa tsakuwa a bakin inuwar, har ku ga inda ta fi gajarta. Za ku same ta wajen santimita 18, tana nuna arewa. Ku zana alwatika a takarda mai tsayin santimita 10 da gindin santimita 1.8, ku auna kusurwar samanta. Za ta ba ku digiri 10 da ɗan ɗoriya, kuma wannan shi ne nisan Bauchi daga layin tsakiyar duniya.

Ina takwarorin suke? Ka ɗauka an ja layi daga cibiyar duniya ya huda ƙasa a Bauchi ya bi ta cikin sandarku ya wuce sama. Shi ne mai ratsawa. Hasken da ya sauka a tsaye a tsakiyar duniya, wanda in an ci gaba da jansa zai kai cibiya, da hasken da ya taɓa kan sandarku, su ne layukan jere. Kusurwar da ke cibiya takwara ce ga wadda ke saman sanda tsakanin mai ratsawa da hasken, ita kuma tana fuskantar wadda kuka auna. Kowane digiri ɗaya kusan kilomita 111 ne, ke nan muna wajen kilomita 1,140 arewa da layin. Na Maris ya fi sauƙi, domin a Satumba hadari yakan rufe rana.

Na ga an ce "kusurwoyi takwarori" a darasin alwatika masu kama da juna. Abu ɗaya ne?

Ma'anar ta ɗan faɗaɗa. A can ana nufin kusurwoyin da ke gurbi ɗaya a siffa biyu masu kama, ko da babu layin jere a zanen. Amma sau da yawa suna haɗuwa. In aka ja layi DE a cikin alwatika ABC yana jere da gindinta BC, to gefen AB ya zama mai ratsawa, kusurwar ADE daidai take da ABC. In ADE 48 ce, kusurwar A kuma 75, to C za ta zama 180 ban da 123, wato 57.

Ni mahaifiya ce, ban yi nisa a boko ba. Ta yaya zan taimaki 'yata?

Hajiya, ba sai kin san x ba. Ki sa ta buɗe littafin rubutunta, layukan da ke ciki duk na jere ne. Ta ja layi ɗaya a karkace daga saman shafi zuwa ƙasa, ta yanki ɗan kwali daidai da kusurwar da ya yi da layin farko, sannan ta bi sauran layukan tana gwadawa a gabanki. In kwalin ya zauna a kowanne, ki tambaye ta dalili, ki bar ta ta yi miki bayani da Hausa har ke ma ki gamsu. Daga nan ki ce ta ja nata layuka biyu waɗanda suka ɗan karkace wa juna, ta sake gwada kwalin, ta gaya miki abin da ya canza.

Ajina ya cika maƙil, kuma yara kaɗan ne ke da ma'aunin kusurwa. Yaya zan koyar?

Malam, fitar da su fili da safe kafin rana ta yi zafi. Igiya uku da turaku shida sun isa. A ja igiya biyu a jere, a tabbatar da tazararsu da tef a farko da ƙarshe, ta uku ta ratsa su. Yara takwas su tsaya, kowa a cikin kusurwa ɗaya, ka kira sunan yaro ka ce takwararsa ya ɗaga hannu. In sun gane wannan, ka ba su kwalin da aka yanka su gwada girman. Sai ka zare turke ɗaya ka matsar da bakin igiyar sama da taku biyu, ka tambaye su ko har yanzu takwarorin juna ne, sannan ko har yanzu daidai suke. Amsar farko e ce, ta biyu a'a. Ka sa kowane rukuni ya maimaita da kansa kafin a koma aji a rubuta dokar a allo tare da sharaɗinta.